Gwajin DNA don gane asalin kare ruwa biyu: zai yi aiki ga karnukanmu na Sakkwato?

Ɗan Arkilla:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Tambaya gare ni ga likitocin dabbobi da masu kiwon karnuka.

Akwai kwikwiyo namiji ɗan wata biyar da anka sayo don gadin gidan gona wajen Dange. Mai saidawa ya ce uban Jaman Shefad ne tsantsa, uwar kuma rabi Rotwaila rabi karyar gida. Yanzu da ya fara tasawa, kunnuwa sun miƙe, baya baƙi, ƙafafu jajaye, to amma ƙirjin tsukakke ne, ƙafafun dogaye, ciki a ɗame irin na karnukan mafarauta. Nauyinsa kilo 13. Wasu sun ce jinin Azawak ne, irin waɗanda ka shigowa ta Illela.

Na ga ana tallar gwajin DNA a intanet, wai ka goga auduga a bakin kare ka aika, a faɗa maka kakanninsa. Gaskiya ne ko cin kuɗi? Wane kamfani ya kamata? Yawun zai jure zafin garin ga har ya isa Amurka? Ana yin shi nan Najeriya? Kuma in sakamako ya saɓa da abin da mai saidawa ya faɗa, hujja ce da za a tunkare shi da ita?

Mai Nazarin Gado:

Wa alaikumus salam Malam. Gwajin gaskiya ne, amma sai ka san abin da yake aunawa, in ba haka ba za ka biya dala ka karɓi amsar tambayar da ba ka yi ba.

DNA shi ne rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a naɗe cikin ƙunsoshi da ake kira kuromosom. Kare yana da kuromosom 78, wato tagwaye 39, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba a kowane tagwai. Tun 2005 aka kammala karanta jerin DNA na kare, harafi kusan biliyan biyu da rabi. Kamfanonin nan ba sa karanta shi duka. Suna duba wasu zaɓaɓɓun gurabe ne inda aka san karnuka na bambanta da juna. Embark, mai aiki tare da makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Cornell, yana duba gurabe sama da 200,000. Wisdom Panel na kamfanin Mars ne, shi ya fi daɗewa a kasuwa, tun 2007. Kowannensu ya ce yana da jinsi sama da 350 a rumbunsa.

Rumbun nan shi ne komai. Babu wani guri a jikin DNA da aka rubuta "Rotwaila". Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta yayyanka kuromosom ɗin karenka gunduwa-gunduwa, ta ɗauki kowace gunduwa ta gwama da na dubban karnukan da aka san jinsinsu, wanda ya fi kama sai ta ba shi. Daga nan ta haɗa lissafi ta ce kashi kaza wannan, kashi kaza wancan. To idan ainihin dangin karenka ba ya cikin rumbun fa? Kwamfutar ba ta cika cewa ban sani ba. Sai ta laluba mafi kusa. Kamar ka kai Bokolo gaban wanda bai taɓa ganin saniya ba sai Firishiyan da Jasi, ka matsa masa sai ya faɗi jinsinta. Zai ce rabi wannan rabi waccan, alhali ba ta haɗa komai da su ba.

Nan ne matsalar karnukanmu take. Mutane na ɗauka karen gida barbarar yanyawa ne, ragowar karnukan Turawa da suka cakuɗe. Ba haka ba ne. Jinsunan da ake yi wa rajista sabbi ne: ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila a 1873 aka kafa ta, Jaman Shefad kuwa a 1899 aka buɗe masa littafi. Karnukan ƙauyukan Afirka sun riga su da dubban shekaru. A 2009 Adam Boyko da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan karnukan ƙauye na Masar, Yuganda da Namibiya, suka samu cewa mafi yawansu 'yan asalin wurin ne, ba jikokin karnukan Turai ba, in ka cire wasu yankuna inda aka cakuɗa sosai. Shi Boyko ɗin yana cikin waɗanda suka kafa Embark, shi ya sa kamfanin ke da rukunin karnukan ƙauye a rumbunsa, har da na Afirka ta Yamma. Ga kare irin naka, wannan kaɗai ya isa ya zama ma'aunin zaɓe. Kafin ka biya kowa, buɗe jerin jinsunan da ke shafinsa ka duba: akwai karen ƙauye na Afirka? Akwai Azawak? Akwai Basenji, karen farauta na Afirka ta Tsakiya? In babu, ajiye kuɗinka. Kamfanin da ba shi da su zai dawo maka da tarkacen sunaye goma, kowanne kashi 4 ko 7, jinsunan da ko a Legas da wuya ka gan su.

Batun Azawak kuma, mai yiwuwa ne a ga sunan. Karen Sahel ne, na Buzaye da maƙwabtansu, sunansa daga kwarin Azawag da ke tsakanin Nijar da Mali, kuma jihar Tawa da ke bayan Konni tana cikin yankin. Sai dai Azawak ɗin da ke rumbun kamfanoni galibi zuriyar 'yan ƙalilan ne da aka fara kai wa Turai a farkon shekarun 1970. Karen farautar da ke Gwadabawa ko Tangaza yana iya zama ɗan uwansu na nesa ba tare da an taɓa kawo Azawak mai takarda ya yi barbara ba. Idan ka ga an rubuta Azawak kashi 15, ka karanta shi a matsayin jinin Sahel, kada ka ɗauka kakan karen mai rajista ne.

Yanzu ga lissafin da ya shafi maganar mai saidawa. Uba yana ba da rabi cif. Kowane kaka yana ba da kusan kashi 25, kowane ɗaya daga iyayen kaka kusan 12.5, amma waɗannan biyun suna hawa suna sauka saboda yadda kuromosom ke musayar gunduwa kafin a yi ƙwai. Idan gaskiya ya faɗa, za ka ga Jaman Shefad kashi 50 ko dab da haka, Rotwaila tsakanin 20 da 30, sauran karen ƙauye. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne zanen kuromosom mai launuka da suke nunawa a shafin sakamako. Uba tsantsa yana nufin a kowane tagwai, layi ɗaya daga sama har ƙasa launin Jaman Shefad ne ba yankewa. In ka ga launin a warwatse a layukan biyu, guntu nan guntu can, to jinin ya biyo ta ɓangarori biyu ne kuma babu tsantsa a iyayen, ko da jimillar ta kai 50.

A Najeriya akwai ɗakunan gwaji a jami'o'i da ke iya tace DNA su duba ƙwayar gado guda, wato guntun DNA mai kula da wata siffa ko wani aiki a jiki. Gane jinsi kuwa ba na'ura kaɗai yake buƙata ba, rumbun dubban karnuka yake buƙata, shi ya sa ake aikawa waje. Duk wanda ya ce zai yi maka a nan, tambaye shi ɗakin gwajin da zai tura samfurin da kuma girman rumbunsu.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo:

Malam ya gama da ɓangaren ilimin. Ni bari in yi maganar hannu, don yawancin gwajin da ke lalacewa a wajen ɗaukar samfur yake lalacewa.

Kafin komai: an yi wa kwikwiyon allurar rigakafin ciwon haukan kare? Ana yin ta daga wata uku, a maimaita duk shekara. Aikin nan sa hannu ne cikin bakin kare, kuma ƙwayar cutar a yawu take. Kare ɗan wata biyar da ba a san tarihinsa ba, wanda ke kwana a gona inda karnukan daji ke ratsawa, ba a wasa da bakinsa. A kai shi asibitin dabbobi na gwamnati ko asibitin koyarwa na tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a yi masa, a karɓi kati. Ranar ɗaukar samfur a sa safar hannu. In ya yi cizo ko haƙori ya karce fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Da kwalin ya iso, fara da rajistar lambar da ke jikin 'yar kwalbar a shafin kamfanin, ka kuma ɗauki hotonta. Samfurin da ya isa ba rajista ba shi da mai shi. Idan sun nemi hoton karen ko hasashenka game da jinsinsa, bar gurbin fanko har sakamako ya fito. Wani bincike na Jami'ar Colorado da aka wallafa a 2024 ya aika samfurin karnuka 12 da aka san jinsinsu zuwa kamfanoni shida, aka musanya hotunan wasu da gangan, sai ga sakamakon kamfani ɗaya ya fi bin hoton maimakon DNA.

Ka ware karen shi kaɗai na awa biyu: ba abinci, ba ƙashi, ba kwanon ruwan da wani kare ke sha, ba wasan cizo da 'yan uwansa. Embark rabin awa suka ce, Wisdom Panel awa biyu, ka ɗauki mai tsawon. Dalili shi ne gurɓata. Ragowar nama a baki ba DNA na kare ba ne, amma yana cika audugar da datti; yawun wani kare kuwa yana sa na'ura ta ga karnuka biyu a kwalba ɗaya. Kwikwiyon da bai bar nono ba, sai a jira a yaye shi, don ƙwayoyin jikin uwar suna cikin nonon. Da sassafe kafin a ba shi abinci ya fi sauƙi.

Ba yawu ake nema ba, ƙwayoyin fatar cikin kunci ake nema. Wani ya riƙe kan, kai ka ɗaga leɓen sama ta gefe, ka zura tsinken tsakanin kunci da dasashi, ka danna kuncin daga waje da yatsa, ka riƙa murzawa. Na Embark tsinke ɗaya ne mai soso, ana gogawa daƙiƙa 30 zuwa 60, a juya shi cikin 'yar kwalba mai ruwan adanawa, a ɗaure murfi sosai, a girgiza sau goma. Na Wisdom Panel ƙananan burushi biyu ne, kowanne daƙiƙa 15, sai a tsayar da su a iska minti biyar su bushe kafin a mayar cikin takardarsu. Kada kan tsinken ya taɓa yatsa, ƙasa ko gashin karen. Kada a bar shi ya tauna. In ya tauna har soson ya yage, nemi wani kwali.

Zafi bai kai laima ɓarna ba. DNA busasshe yana da juriya. Abin da ke cinye shi ƙwayoyin cuta ne da fumfuna, su kuma danshi da ɗumi suke so. Saboda haka babban kuskure shi ne a ɗaure burushi mai jiƙe a leda. Da damina, musamman Agusta, a ƙara lokacin shanyawa zuwa minti 15 ko 20 a ɗaki mai fanka. Da hunturu busarwa ba matsala, ƙura ce matsala, a yi aikin a cikin ɗaki, taga a rufe. Daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, kada kwalin ya kwana a mota ko ya zauna gaban gilashi. Aljihun tebur a inuwa ya isa. Ba a sa shi a firiza. Mai ruwan adanawa yana kai watanni a zafin ɗaki, shi ya fi dacewa da tafiya mai nisa, illarsa ɗaya yoyo in murfi bai zauna ba.

Ambulan ɗin da ke cikin kwalin wanda aka riga aka biya kuɗin aikawa, cikin Amurka kawai yake aiki. Daga nan sai ka biya kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya, ko ka ba matafiyi ya jefa a gidan waya can. Kafin ka sayi kwalin, rubuta wa kamfanin ka tambaye su ko suna karɓar samfur daga Najeriya da irin bayanin da suke so a rubuta wa kwastan, ka kuma tuntuɓi hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS, kan fitar da samfurin dabba. A takardar saƙo a rubuta gaskiya: gogen kuncin kare lafiyayye don gwajin gado. Bayan ya isa, sakamako mako biyu zuwa huɗu. Kuɗin kwali kusan dala 80 zuwa 200 ne gwargwadon ko da gwajin cututtuka a ciki, ban da aikawa zuwa da komawa, wanda kan iya kamo kuɗin kwalin.

Mai Kiwon Karnuka, Kwannawa:

Dakta ranka shi daɗe, duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma ni ina ganin Alhaji ba wanga gwaji yake buƙata ba. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ta gaske: shin uban da anka nuna masa shi ne uban? Wannan gwajin tantance iyaye ne, daban yake da na jinsi, kuma ya fi arha a kan kowane kare. Ana ɗaukar samfurin kwikwiyo, na uwa, da na karen da anka ce shi ne uba, a gwama gurabe ashirin da 'yan kai. Duk alamar da ke jikin kwikwiyo wadda ba ta uwa ba ce, dole a same ta ga uba. In ta saɓa a gurabe biyu ko fiye, an fitar da shi. Wannan amsa ce ta e ko a'a, ba kashi-kashi ba. Ɗakin gwajin gadon dabbobi na Jami'ar California a Davis na yi. Sai dai dole mai uban ya yarda a goga bakin karensa, kuma a ɗauki samfurin gaban shaidu, in ba haka ba zai ce ba daga karensa anka ɗauka ba.

Kuma kada a yi saurin cewa mutum maƙaryaci ne. Karya in ta shiga lokacin barbara tana kai mako biyu zuwa uku, kwanakin da take tsayawa wa namiji sun kai mako guda, maniyyin kare kuma yana rayuwa kwanaki a cikinta. In anka kai ta wurin Jaman Shefad ran Litinin, ran Laraba karen unguwa ya tsallako katanga, ciki ɗaya na iya fitowa da 'ya'yan uba biyu. Mai ita ya biya kuɗin barbara, ya ga an ɗaure, ya ƙirga kwana 63, zai rantse maka da zuciya ɗaya. Don haka sakamakon kwikwiyo ɗaya ba ya hukunci kan sauran 'yan cikin.

Kamanni kuwa a bar shi. Baƙin baya da jan ƙafa da ɗigo biyu saman ido ƙwayar gado guda ce ke kawo su, tana nan cikin karnukan gida ma, tana ɓoye har sai uwa da uba sun haɗa ta. Dogon gashi haka, ƙwaya guda ce mai ɓoyewa. Shi ya sa ake saida duk kwikwiyo mai gashi da sunan Kokeshiyan, ƙaton karen gadi mai yawan gashi. Abin da ba ya ɓoyuwa ƙashi ne. Namijin Jaman Shefad ɗan wata biyar yakan haura kilo 18, Rotwaila ya fi haka. Kilo 13 da ciki a ɗame, ko dai jinin gida ya rinjaya, ko tsutsar ciki da ƙarancin abinci sun tauye shi. A ba shi maganin tsutsa, a duba dasashinsa ko ya yi fari saboda kaska, a sake aunawa bayan wata ɗaya.

Jinin gida ma ba aibi ba ne ga mai gadin gona a Sakkwato. Karnuka masu kaurin gashi su ke fara faɗuwa da zafin Afrilu.

Ɗan Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. An yi masa rigakafin, katin na nan. Saura biyu. Dakta, ƙarin kuɗin gwajin cututtuka ya cancanta? Sannan sakamakon zai nuna ko zai yi zafin gadi? Mai gadin gonar ma cewa yake irin wanga tsayin ƙafa jinin kura ne.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo:

Alhaji, a cikin cututtuka sama da 200 da suke lissafawa, akasari na jinsunan da ba mu da su ne, za ka ga layi bayan layi an rubuta babu. Guda ɗaya ce nake ganin ta shafi yadda muke aiki a nan kai tsaye, ita ce MDR1.

Wannan ƙwayar gado ce ke gina wani famfo a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa mai fitar da wasu magunguna waje. A 2001 aka gano a Jami'ar Jihar Washington cewa wasu karnuka famfon nasu a lalace yake. Alƙaluman jami'ar sun nuna kusan kashi 70 na jinsin Koli na ɗauke da lahanin, Jaman Shefad kusan kashi 10, karnuka ruwa biyu kusan kashi 5. Abin da ya sa ya dame mu shi ne ibamektin, maganin tsutsa da ƙazwa wanda aka fi sani da Ivomec. Kowa na da kwalbarsa saboda shanu da tumaki, kuma da kare ya fara ƙazwa sai a zuƙo a yi masa da ƙiyasin ido. Na dabbobi mai ƙarfin kashi 1 yana da miligiram 10 a kowane mil. Ma'aunin ƙazwa 0.2 zuwa 0.3 ne na miligiram a kowane kilo, wato kare mai kilo 13 bai kai rabin mil ba. Mai lafiyayyen famfo yana jure wannan. Wanda ya gaji lahanin ta uwa da uba kuwa, rabin wannan ma'aunin ma yana iya kayar da shi: ƙwayar ido ta buɗe, dalala, tangaɗi, makanta, karkarwa, har suma. Babu allurar da ke karya shi, sai jinya da ƙarin ruwa na kwanaki. Maganin gudawa lofaramaid da mutane ke ba kare daga na gida, da wasu magungunan kwantar da dabba kafin tiyata, duk famfon nan ne ke kula da su. In sakamako ya nuna kwafi ɗaya ko biyu, a rubuta a katin rigakafin da babban baƙi. Ko babu lahanin, mil biyu ko uku da ake ɗirka wa kwikwiyo ya wuce ƙa'ida nesa.

Ta biyu SOD1, mai alaƙa da shanyewar ƙafafun baya da ke kama Jaman Shefad bayan shekara takwas. A nan a yi hankali da karatu. Kwafi ɗaya yana nufin yana ɗauke da ita ne kawai. Kwafi biyu yana nufin yana cikin haɗari, ba wai ya kamu ba, da yawa suna tsufa su mutu ba ta bayyana ba. Kada a yar da kare saboda jan rubutu a waya.

Abin da gwajin ba zai gani ba ya fi yawa. Gocewar ƙugu da ke addabar Jaman Shefad da Rotwaila ƙwayoyin gado masu yawa ne suka taru a kanta tare da nauyi da saurin girma, hoton ƙashi ke nuna ta. Gudawar jini ta fabo, cututtukan kaska da tsutsa, su ke kashe kwiyakwiyai a garin nan, kuma ba ruwansu da DNA na karen. In kuɗin ɗaya za a iya, a cika alluran rigakafin cututtukan fabo da distamfa da maganin kaska tukuna.

Ga mai niyyar kiwo akwai lamba ɗaya mai amfani, ma'aunin auren dangi. Uba da 'yarsa ko wa da ƙanwa suna ba da kashi 25, 'yan uba kawai 12.5. Da yake karnukan waje da ake barbara da su a Arewa ba su da yawa, namiji ɗaya kan zagaye gari, lambar na hawa ba a sani ba. Kwikwiyo ruwa biyu irin naka yawanci tasa ƙasa take.

Mai Nazarin Gado:

Kura dai a gaya wa mai gadi ya kwantar da hankalinsa. Kuromosom ɗinta 40 ne, na kare 78, kuma a dangantaka ta fi kusa da kyanwa a kan kare. Ba sa haihuwa tare.

Zafin gadi kuma gwajin ba zai faɗa maka ba. A 2022 mujallar Science ta wallafa binciken da ya tattara bayanan halayen karnuka sama da 18,000, aka karanta DNA na sama da 2,000 daga cikinsu. Jinsi ya bayyana kusan kashi 9 ne kacal na bambancin hali tsakanin kare da kare, kuma saurin harzuƙa na cikin halayen da jinsi ya fi kasa hasashensu. Halin uwar, yadda aka saba da shi da mutane kafin wata huɗu, da horon da ake ba shi yanzu sun fi kashin Rotwaila da ke takarda tasiri. Yawancin karnuka ba sa fara tsare wuri da gaske sai sun kusa shekara ko sun haura, don haka kada a yanke masa hukunci a wata biyar, kada kuma a ɗaure shi a rana ana dukansa wai don ya yi zafi. Wannan matsoraci mai cizo yake samarwa, kuma yaran gonar zai fara ciza.

Idan sakamakon ya zo, duk abin da ke ƙasa da kashi 5 kada ka gina magana a kai, gunduwoyin sun yi ƙanƙanta har kwamfuta na iya ba jinsin da ba shi ba. Wani lokaci suna tara irin waɗannan a rukuni ɗaya na abin da ba a iya rarrabewa. Jinsuna masu kusanci ma suna rikiɗa da juna, misali Jaman Shefad da farin Shefad na Suwizalan. Kamfanoni biyu kuma za su iya ba ka adadi daban a kan kare ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba, rumbunsu ne ya bambanta, har kamfani ɗaya kan sauya maka adadi bayan shekara in ya ƙara samfura.

Tunda namiji ne, duba shafin layin uwa da layin uba. Layin uwa daga wani ɗan DNA na daban yake, wanda ake kira na mitokondiriya, uwa ce kaɗai ke gadar da shi. Layin uba daga kuromosom Y, wanda namiji kaɗai ke gada daga ubansa. In Y ɗinsa irin wanda aka fi samu a karnukan ƙauyen Afirka ne, maganar uba Jaman Shefad tsantsa ta yi rauni sosai. In irin na karnukan Turai ne, bai tabbatar da ita ba, don jinsuna da yawa sun yi tarayya a Y ɗaya, sai ka koma ga zanen kuromosom. Ka kuma sauke ɗanyen bayanan gwajin daga shafin ka adana a waya ko kwamfuta, don wani masani zai iya sake duba su ba sai an sake goga bakin karen ba.